Shekarar da Na Daina Ba Mutane Hannu

Akwai shekarar da mutanen unguwarmu a Dutse Uku suka gama yanke mini hukunci cewa girman kai ya shige ni. Wasu suka ce tun da na fara aiki da kwamfuta nake jin kaina Bature. Wasu suka ce wata sabuwar aƙida na shiga, irin wadda ba a gaisawa da wanda ba ɗan ciki ba. Wani tsoho mai tallan goro a bakin masallaci ma ya rantse asiri aka ba ni, aka ce ranar da na haɗa hannu da mutum ranar zai karye. Babu wanda ya canka. Da an ba ni zaɓi a lokacin kuwa, da na karɓi kowane daga cikin zarge-zargen nan da murna, in dai za a bar ainihin maganar a rufe.

Na haura shekara ashirin da biyar a lokacin. Na gama difloma, ina zaune a ɗakin ƙofar gida a gidan yayana, direban babbar mota mai kai kabeji da karas kudu. Aikina a wani shagon intanet ne a hanyar Naraguta, inda ɗaliban jami'a suke cika tun safe, kowa ya zuba wa kwamfuta ido yana jiran shafi ya buɗe kamar mai jiran wake ya dahu. Shekarun nan ne da wayar hannu ta fara shigowa, wanda ya mallake ta sai ya rataye ta a wuya don kowa ya gani.

Ainihin maganar kuwa ita ce, ni saurayi ne, ba aure, ba alamarsa, kuma wani lokacin sha'awa takan fi ƙarfina in biya wa kaina buƙata da hannuna. Yanzu na san samari da yawa sun bi ta nan. A lokacin ji nake duk faɗin Filato ni kaɗai ne. Amma abin da ya kusa zautar da ni shi ne abin da ke biyo baya.

Wanka ya wajaba, kowa ya sani. Sai in ɗauki bokiti da safe in shiga bayi. Da farko bokiti ɗaya nake yi kamar kowa. Wata rana ina cikin goge jiki sai wani abu a raina ya ce, anya ruwa ya taɓa bayan kunnenka? Na sake. Bayan 'yan kwanaki ya ce, hannun da ka ɗauki buta da shi fa? Ai butar ta ɗauka. Na wanke buta. Ya ce, ai da hannun ka wanke ta. Na wanke hannu, na sake wanke buta, na wanke bokiti, na wanke ƙusar da nake rataya tawul. Akwai ranar da na tsinci kaina ina wanke sabulu da wani sabulun, kuma ko murmushi ban yi ba, da gaske nake, har ina juya shi don kada in bar gefe. Niyya kuwa sai in yi, in ji kamar ba ta fita daidai ba, in sake, in kuma sakewa, har ruwan zafin da na dafa a risho ya huce, in ƙarasa da na sanyi. Wanda ya san safiyar Jos a tsakiyar damina ya san me nake nufi. Haƙorana su yi ta kaɗawa kamar keken ɗinki, leɓena ya koma kalar shuɗi, ni kuma ina tsugune ina cuɗa tsakanin yatsu.

Matar yayana, wadda muke wasan ƙanin miji da ita tun ranar da aka kawo ta, ita ta fara gajiya, don bayi ɗaya ne a gidan. Sai ta zo ta yi ta dukan ƙofar langa-langa.

"Agwagwa! Kai agwagwa! Ka fito haka nan, ko sai mun miƙo maka tsaki nan ciki?"

"Anti, saura kaɗan."

"Tun ɗazu saura kaɗan. Wallahi in ka ƙarar mini da ruwan durom yau, da miyar kuka za ka yi alwala."

Masu ga-ruwa kuwa sun ƙaunace ni. Daga nesa suke ɗaga mini hannu, wani ma in ya hango ni sai ya juyo kurarsa ko ban kira shi ba.

Da abin ya tsaya a bayi, da da sauƙi. Duk wankan nan, zuciyata ba ta taɓa yarda hannuna ya fita ba. Sai na fara bin sawun abin da na taɓa. Na taɓa mariƙin ƙofa, Anti ta taɓa mariƙin, ta tuƙa tuwo, Yaya ya ci, ya kama sitiyari, ya nufi kudu. Ke nan najasata ta tsallaka Binuwai a gaban mota, an sauke ta a kasuwa tare da kabeji. A shago abin ya fi muni. Na taɓa madannan kwamfuta, ɗalibai suka taɓa, suka tafi suka rubuta jarrabawa, malamansu suka ɗauki takardun suka kai gida. Ranar da wani dattijo ya zo na taya shi aika saƙo a kan shirin tafiyarsa aikin hajji, ya dafa teburina yana sa mini albarka, ban iya cin abincin rana ba. Na ce shi ke nan, ta kai Makka.

Mafita ɗaya na gani, in daina ba kowa hannu. A garin da mutum zai gaisa da kai da safe, ya sake gaisawa da kai in kun haɗu a kwana ta gaba, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Na koyi fita da laima a hannu ɗaya, ledar burodi a ɗaya, ko da kuwa burodin na shekaranjiya ne. In an rutsa ni, sai in miƙa wuyan hannu kamar mai cin tuwo. In na hango majalisa, sai in manna waya a kunne in yi ta cewa, "E, e, ina jin ka," alhali batirinta ya mutu tun jiya. Baffana, ƙanin mahaifinmu, malami ne a Gangare, shi ya tsaya mana a matsayin uba tun da namu ya rasu. Wata Asabar ya zo gidanmu, ya miƙo mini hannu, sai na zube ƙasa na maida hannuwana baya kamar wanda 'yan sanda suka kama.

Ya tsaya yana kallona ta saman tabarau, ya ce, "Ladabin nan naka ya fara ba ni tsoro."

Wadda ta kama ni ita ce mai shagonmu. Madam muke ce mata. Kirista ce 'yar asalin Filato, gajeruwa, mai faɗin kafaɗa, ta yi aikin nas har ta yi ritaya, sannan ta zuba abin da ta samu a kwamfutoci don ɗanta ya ce mata nan duniya ta nufa. Hausarta irin ta cikin gari ce, komai namiji ne a bakinta, har ita kanta wani lokacin.

Nakan riga kowa zuwa in goge madannai da auduga da sifirit. Ina gogewa kullum, har haruffan suka fara gogewa su ma. Ɗalibai suka fara ƙorafi, wani ya ce ya nemi harafin farko na sunansa ya rasa. Madam ta kawo jan farcenta ta sake rubuta haruffan ɗaya bayan ɗaya, tana tsinar masu ƙera kayan zamani. Na taya ta riƙe kwalbar kamar ban san komai ba. Sai wata safiya, bayan irin abin nan ya faru, na ji sifirit ma bai isa ba. Na cire madannan teburina, na kai famfon bayan shago, na wanke su tas da sabulu, na shanya a kan janareta. Ina tsaye ina yarfe su ruwa yana ɗiga, na ji muryarta a bayana.

"Ɗana, wannan kwamfuta ya yi maka laifin me?"

Na ce, "Madam, ƙura ce."

"A cikin damina?"

Kafin in nemo wata ƙaryar, ta cafke hannuna. Na fizga, ta riƙe. Hannun nas ne, wanda ya saba danne ƙato a yi masa allura. Raina ya ce, shi ke nan, yau ta shiga coci ma. Ta juya tafin, ta juya bayan, ta ga yadda fatar ta tsattsage har tana fid da jini a gaɓoɓi, ta yi fari fat kamar an barbaɗa gari.

"Kana wanka ya daɗe?"

"E."

"In ka gama, zuciyarka ya ce bai yi ba, ka koma?"

Na ɗaga kai na kalle ta. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ta ce, "Ni ba zan tambaya me ka taɓa ba, wannan tsakaninka da Allah. Amma wannan ciwo na san shi. Na yi aiki a wajen masu shi. Akwai wani mata da ya ke komawa gida daga kasuwa don ya duba kwaɗon ƙofa, ya duba, ya koma kasuwa, ya sake dawowa, har kasuwa ya tashi bai sayi gishiri ba. Yanzu yana nan lafiya, jikokinsa sun cika gida. Jibi za mu je ka ga likita."

"Madam, asibitin mahaukata za ki kai ni?"

Ta nuna madannan da ke ɗiga a kan janareta. "Oya, kai ka gaya mini ina zan kai ka. Wajen mai wankin mota?"

Dariya ta kuɓuce mini. Na daɗe ban ji irinta ba, har sai da na dafa bango, na kuma manta ban goge bangon ba.

Likitan bai girme ni da yawa ba, siriri ne, Hausarsa ta Bauci. Madam ta tura ni ciki ta zauna a benci a waje. Ya miƙo hannu, na ba shi wuyan hannu, ya ce, "To, mun ma fara." Na gaya masa wanka, na gaya masa buta da sabulu da kabejin da ya tafi kudu. Bai yi dariya ba sai da ni na yi. Sannan ya ce, "Wace rana abin ya fi tsanani? Me ke faruwa kafin nan?"

Nan na fara kewaye-kewaye. Na ce ai ka san mutum ɗan Adam ne. Na ce ai ka san samartaka. Na ce ai ka san sanyin Jos. Na kalli silin, na kalli takalmina, na yi bayani a kan tsadar aure da ba wanda ya tambaye ni.

Ya ce, "Istimna'i kake nufi?"

Haka ya faɗe shi, kamar mai cewa ina kwana. Na jira rufin ɗakin ya faɗo, bai faɗo ba. Fanka ta ci gaba da juyawa. Na ce, "E, likita." Ya gyaɗa kai ya ci gaba da tambaya, ina barci, ina cin abinci, ko akwai mai irin wannan a danginmu. Wani sauƙi ya taso mini tun daga ciki, har na ji kamar in tashi in zagaya teburinsa da gudu.

Ya ce ciwon yana da dogon suna a Turance, amma mu muna da sunansa tuntuni, waswasi. Ya ce kamar ƙaiƙayi ne, susa tana da daɗi a lokacin, amma ita ke ƙara shi. Duk sanda na sake wanka don in ji sanyi a rai, na koya wa zuciyata cewa tsoron gaskiya ne, gobe sai ta nemi ƙari. Ya rubuta mini ƙwayoyi, ya ce za su ɗauki makonni kafin in ji aikinsu, kuma su kaɗai ba za su isa ba, sai na yi aikin gida kamar ɗan firamare.

"Na farko, akwai malamin da ka yarda da shi?"

"Baffana."

"Je ka tambaye shi iyakar abin da shari'a ta ɗora maka. Ni ba fannina ba ne. Amma sau ɗaya za ka tambaya. In ka koma ka ce a maimaita maka, ka sake wanka ne da baki."

Na hau acaɓa zuwa Gangare kafin ƙarfin halina ya huce. Na sami Baffa a zaure bayan ɗalibansa sun watse, yana gyara zaren carbi. Na gaishe shi daga nesa, na zauna a bakin tabarma, na ce, "Allah gafarta Malam, wani abokina ne yake da tambaya."

Ya ce, "Abokin naka mai maida hannu baya?"

Na sunkuyar da kai. Na faɗi komai ina kallon tabarma, har na haddace saƙarta. Da na gama ya ƙulla zarensa, ya cije ragowar da haƙori.

Ya ce, "Magana biyu ka kawo, ka cakuɗa su. Ta farko, abin da kake yi. Ka yi ƙoƙarin bari, ka yi istigfari, ka riƙa azumi in ka samu iko, ni kuma zan yi wa yayanka maganar aurenka, don ya isa. Wannan ke nan. Ta biyu, wankan. Kai a zatonka ruwan sanyi ne tuba? Wa ya ce maka Allah Yana karɓar ciwon haƙarƙari?"

Ya sa aka miƙo masa wani kwano daga cikin gida, ya ajiye a gabana, ya ce da ruwan da bai fi cikin wannan da yawa ba magabata suke wanka su fito tsarkaka. Ka wanke inda abu ya taɓa, ka yi niyya, ka game jikinka da ruwa, an gama. Abin da ka wanke ya wanku. Busasshen hannu ba ya kai komai ko'ina. Wanda kokwanto ya zame masa ciwo kuwa, hukuncinsa daban ne a littafi, an ce ya yi watsi da kokwanton, ko ya ji a ransa kamar bai yi ba.

Na ce, "Baffa, to in da gaske ruwan bai taɓa..."

"A'a. Likitanka ya ce sau nawa?"

"Sau ɗaya."

"To ka cinye rabonka."

Sai ya miƙo hannu, ya bar shi a tsaye a iska. Na kalli hannun, ya kalle ni. Aka fara kiran sallar la'asar a masallacin layin, bai sauke ba. Ya ce, "Ni tsoho ne, kafaɗata tana ciwo." Na sa hannuna a cikin nasa. Ya riƙe, ya girgiza, ya ƙi saki, yana tambayata lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da kaji. Da ya sake ni, ya ɓare goro da hannun, ya jefa a baki, ya shafa gemu, ya miƙe.

"Ina da alwala, kuma ba zan sake ba. Ni zan ja sallar. Taso."

Na bi shi sallar nan. Sahu ya cika da teloli da 'yan kasuwa, ni kaɗai na san da wane hannu liman ya yi kabbara. Aka sallame, kowa ya nemi takalminsa ya kama gabansa. Na fito na sayi gasasshiyar masara a bakin titi na ci har biyu, ina tafe ina dariya ni kaɗai, mai masarar tana bina da kallo.

Aikin gida na biyu shi ne bokiti ɗaya. Na gaya wa Anti likita ya ce a riƙa auna mini ruwa, ban gaya mata dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba, don murna ba ta bar ta ba. Ta sayo kwaɗo ta sa wa durom, ta ɗaura makullin a bakin zane kamar ma'ajin gari. Kullum da safe ta cika mini bokiti, ta ajiye a ƙofar bayi, ta ce, "Ranka ya daɗe, ga kason gwamnati."

Ranar farko da ruwan ya ƙare, na tsaya ina kallon gindin bokiti kamar zai tsiro da wani. Duk jikina ihu yake, gwiwar hannu ta ce ba a wanke ta ba, ƙeya ta ce ita ma. Na fito na zauna a bakin katifa ina rawar ɗari, gumi yana keto mini a cikin sanyin nan. Likita ya ce in zauna da tsoron kawai, zai hau ya kai ƙarshensa, sannan ya sauko da kansa. Ban yarda da shi ba. Amma kafin in gama shan shayi na ji ya fara sassautawa, kafin in isa shago na tsinci kaina ina tunanin ƙwallo. Na shiga na ce, "Madam, ya sauka! Da kansa ya sauka!" Ɗalibai suka ɗago suna zaton intanet nake nufi.

Ba kullum nake cin nasara ba. Akwai ranar da na lallaɓa gidan maƙwabta da buta a cikin riga, matar gidan ta aiko wa Anti labari kafin in dawo. Akwai ranar da na tsaya a famfon masallaci na yi alwala har layi ya taru a bayana. Ƙwayoyin kuma suka sa ni hamma, in yi ta buɗe baki a gaban kwastoma kamar kada. Shi kansa abin da ya jawo maganar ya ragu sosai, don da na daina kwana da tashi da tsoronsa sai ya daina cika mini kai. Amma bai ɗauke a rana ɗaya ba, kuma washegarin irin ranar ita ce babbar jarrabawa. Likita ya tsara mini ita: istigfari, bokiti ɗaya, in fito in kama mariƙin ƙofa da gangan, in zauna in ci abinci kwano ɗaya da Yaya in yana gari. Na farko da na yi, Yaya ya ga na daɗe ina shawagi da hannu a saman kwanon ɗumame, ya ce, "Kai, in ba ka ci ka ba ni wuri." Na tsoma. Ya ci, na ci, ya suɗe yatsu, ya yi gyatsa, ya tashi ya tafi tasha. Na bi shi har ƙofa ina yi masa Allah Ya kiyaye hanya da ƙarfi, har ya juyo ya ce ko wani abu nake so.

Wajen ƙarshen damina fatar hannuna ta haɗe, da taimakon man kaɗanyar da Madam ta ba ni. Wata Juma'a bayan an sauko, na ba na kusa da ni hannu, na ba na kusa da shi, sai na kasa tsayawa. Na gaisa da wanda na sani da wanda ban sani ba. Na gaisa da mai rake, na gaisa da ɗan sandan da ke ba da hannu a mahaɗa, har sai da ya sauke hannunsa motoci suka rikice. Na gaisa da wani mutum sau biyu, ya ce, "Malam, takara za ka fito?" Na ce, "Sai dai a taya mu da addu'a." Na isa gida kafaɗata tana ciwo, bakina ya ƙi rufuwa.

Har yau in na gaji ko raina ya ɓaci, muryar takan leƙo ta ce anya. Na san ta yanzu, nakan bar ta ta yi surutunta in sa rigata.

Aiki na ƙarshe Madam ce ta ƙirƙiro shi, likita ya sa hannu yana dariya. Ta ce ranar Asabar za a haƙa dankali a gonarsu, can ƙauyensu bayan gari, kuma tana neman ma'aikaci. Muka tafi a bayan a-kori-kura. Gonar tana tsakanin manyan duwatsu, an kewaye ta da shingen ƙyarana, ƙasar ja ce jiƙaƙƙiya, an cika ta da takin kaji da na shanu. Ƙannenta maza suka ba ni fartanya, Madam ta karɓe ta ce wannan da hannu zai yi. Na durƙusa na tura yatsuna cikin kunya. Sanyi, danshi, wari, ga wata tana mai motsi a tafina. Na jira ihun nan na cikin kai. Ya ɗan yi ƙoƙari, sai yatsana ya ci karo da dankali, na zaro shi, ƙato, na ɗaga sama ina kururuwa kamar na tono ma'adinin kuza. Duk gonar aka kwashe da dariya. Daga nan gasa muka shiga, ni da ƙaramin ƙaninta, wani malamin firamare mai ƙaton gashin baki, kowa yana tara tsibinsa yana zagin na ɗan'uwansa.

Da rana ta yi tsaka aka hura wuta da kara, aka binne dankali a toka. Na share hannuna a wando, na ɓare nawa da zafinsa, na dangwala gishiri da yaji, na ci da ƙasar farcena da komai. Aka kawo gwaten acca a babbar tukunya, na sha har na kasa sunkuyawa.

Muna loda buhuna hadari ya haɗo ta bayan duwatsu. Ba mu kai titi ba ruwa ya sauko, da ƙanƙara a ciki, tana dukan kanmu kamar ana jifa da tsakuwa. Madam tana gaba kusa da direba, mu muna baya a kan buhuna, mun lulluɓa da tamfol guda mai huji. Mai gashin bakin ya fara wata waƙa da yarensu, ya ce in riƙa amsawa. Na amsa yadda kunnena ya ji. Suka fashe da dariya har ɗaya ya kusa faɗowa daga mota, don ashe maimakon in ce Allah Ya kawo amfanin gona, cewa nake akuyar surukata ta gudu. Suka gyara mini, na sake ɓatawa, suka ce in bar shi haka ya fi daɗi. Da ita muka shigo gari, ruwa yana zuba ta hujin tamfol a ƙeyata, mutane a ƙarƙashin rumfuna suna leƙowa su ga su wane ne.